Randar da Na Fasa a Lambun Wurno

Wannan abin da zan ba ku labarinsa a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma na rantse da wanda raina ke hannunsa ban ƙara masa gishiri ba. In ma akwai abin da na yi, ragewa na yi, don akwai wuraren da har yau bakina ba ya iya kai wa gare su. Zamanin Turawa ne, ina matashin magidanci da mata ɗaya da 'ya ɗaya, ina aikin kula da lambun shan iska da ke bakin garin Wurno, ta wajen hanyar da ke fita zuwa Goronyo. Yaran yanzu in na ce musu an taɓa yin lambun shan iska a wurin dariya suke yi, su ce tsufa ya fara taɓa ni, to ba na ganin laifinsu, tunda abin da idonsu ya tarar awaki ne da karyayyen siminti.

Asalin lambun kuwa wani Bature Joji ne ya kafa shi, wanda mutane suka laƙaba wa suna Mai Fure saboda ko'ina ya sauka rangadi sai ya sa an shuka masa furanni. Ya zo wucewa ya ga fili mai manyan itatuwa, kurna da aduwa da gawo, ga inuwa, ga shi dab da gari, amma babu mai noma shi, babu wanda ya kafa ko bukka a ciki. Ya tambayi dalili, dattawa suka ce haka suka tarar da shi, ba su ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Shi ke nan ya sa aka kewaye wurin da waya, aka yi ƙofar ƙarfe da kwaɗo, aka haƙa rijiya mai murfi, aka zuba bencina na siminti, aka dasa dogon yaro da mangwaro a jere, aka kafa lilo na yara da rumfa, aka share gefe guda don masu buga tamaula. In motar majigi ta zo gari, nan take tsayawa. A bakin ƙofa kuma aka kafa allo an rubuta doka da boko da ajami, cewa ba a buɗewa sai bayan la'asar, a rufe da magariba, ba a shigo da dabba. Da farko mutanenmu ba'a suka riƙa yi, suna cewa wace iska ce a can da babu ita a ƙofar gidan kowa, amma sannu a hankali malaman makaranta da akawuna suka fara zuwa, yara kuwa lilo ya hana su zaman gida.

Ni na sami wani tsoho a kan aikin, Baba Jatau, shi ne shugaban lambun tun ranar da aka kafa shi, ni mataimakinsa. In faɗa muku gaskiya ban ɗauke shi a bakin komai ba. Na yi elementare, ina iya rubuta sunan kowane itace, ina sa gajeren wando na kaki, ina ganin a duk ƙasar Wurno in ka cire Mai Fure to sai ni a wayewa. Kuma babban abin da ke ba ni haushi da tsohon nan wata randa ce.

Randar tana gindin kurna daga cikin shinge, kusa da ƙofa, baƙa ƙirin, ta girmi shingen, ta girme ni. Kullum ta Allah kafin azahar, sa'ad da lambun ke rufe babu kowa, Baba Jatau zai ja ruwa da hannunsa ya cika ta fal, ya rufe da faifai, ya ɗora moɗa a kai bakinta na kallon sama, sannan ya ba ta baya ya tafi can ƙarshen lambu, ba ya waiwayowa sai an kira la'asar. In muka dawo buɗe ƙofa sai mu tarar ruwan ya yi rabi, moɗa tana nan bisa faifai yadda ya ajiye ta. Ni dai na yanke wa kaina cewa randar yoyo take, ko kuma makiyaya ne ke tsallako waya. Na taɓa tambayarsa wa ke sha, ya ce mini, "Masu ƙishirwa," ya ci gaba da yayyafinsa.

Da idanunsa suka yi rauni aka sallame shi, ya koma wurin 'yarsa da ke aure a Rimawa, aka danƙa mini mabuɗi. Ranar da zai tafi ya riƙe hannuna a bakin ƙofa ya ce, "Ɗana, komi ka manta cikin lambun ga ba komi, hure in ya mutu a dasa wani. Amma kak ka manta da randa." Na ce to Baba, a zuciyata kuwa ina cewa Allah Ya raka taki gona, camfi ya tafi. Duk da haka na ci gaba da cika ta, wata rana da kaina, wata rana in yi rabi in bari, don dai kunyar alkawari.

A lokacin 'yata Nana ta shiga shekara ta uku, bakinta ya buɗe, surutu kamar me. Tana da wata 'yar moɗa tata ita kaɗai, ba ta yarda kowa ya taɓa, kuma tana da wata ɗabi'a da ke ba mu dariya ni da uwarta Hajo: in ta sha ruwa ta gama sai ta kife moɗar a ƙasa, ta buɗe hannuwa ta ce, "Ya ƙare." A idon sawunta akwai ɗan zare da jan murjani da wuri guda ɗaya, kakarta ta Kwargaba ce ta ɗaura mata. Ku riƙe waɗannan biyun, za ku ji inda suka dawo.

Ana cikin bazara, irin zafin nan da ko ƙadangare ke neman inuwa, sai duba-gari ya zo zagayen lambu, wato ma'aikacin nan da ke bin gidaje yana leƙa tukwanen ruwa. Ya gaya mini Mai Fure na zuwa da wani babban baƙo, kuma ana maganar a buɗe irin wannan lambu a Rabah da Goronyo, a ɗora mutum ɗaya a kan duka ukun. Ya leƙa randar nan ya ce ya ga tsutsar sauro, in wanke ta sosai in sami murfi mai kyau. Iyakar abin da ya ce ke nan, hakkinsa ne in faɗa, bai ce in fasa ba. Ni ne da ya juya baya na tsaya ina kallon randar, ina hango kaina a kan keke ina zagaya lambuna uku, ina ganin wannan baƙar aba ita ce za ta kunyata ni gaban baƙo, sai na ɗauko fartanya na juya ƙotarta na ba ta ɗaya a ciki. Ta dare biyu. Ruwa cike da randa ya kwarara a ƙasa mai tauri, amma kafin in sunkuya in kwashe katanga, wato ɓaraguzanta, wurin ya bushe, ko laka bai yi ba. Na lura da haka, na ce zafin rana ne, na watsa katangar bayan shinge.

Kwana uku bayan nan ranar zuwan baƙo ta zo, za su iso da la'asar. Tun da hantsi na share rairayin bakin ƙofa, na bi shi da tsintsiya na yi masa zane layi-layi yadda Mai Fure ke so, na dawo ciki na kulle, na shiga wanke bencina da garwa. Rana ta take tsaka, gari ya yi tsit, ina tsaye da garwa cike a hannuna sai na ji sallama daga bakin ƙofa, murya a dushe.

Wata mata ce da goyo. Ba tsohuwa ba ce, amma ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito, leɓunanta sun tsage, tana ɗaure da baƙin saƙi irin wanda tun ina yaro na daina ganin mata da shi. Tana riƙe da ƙarfen ƙofa da hannu ɗaya. Ba ta ce in ba ta ruwa ba, cewa ta yi, "Bawan Allah, ina randa?"

Na ce, "An ɗauke ta. Kuma ba a buɗe ƙohwa sai la'asar, ga doka nan bisa allo."

Ta ce, "Ba don ni ba, don ɗiyag ga. Ko tahin hannu guda."

Na ce, "Ki tahi cikin gari, rijiyoyi na nan birjik."

Ta ce, "Mun tahi. An hana mu."

To jama'a, ga garwa a hannuna. Ba ma sai na buɗe ƙofa ba, in na miƙa ta tsakanin ƙarafa za ta iya kafa baki. Amma abin da ke cikin kaina a wannan lokaci shi ne tana tattake mini rairayi, kuma in na ba ta za ta zauna a inuwa, wasu su gani su taru, Mai Fure ya iso da baƙonsa ya tarar da mabarata a ƙofar lambuna. Wannan shi ne dalilina, babu wani, na yi shekaru ina neman wanda ya fi shi ban samu ba. Don ta san na gama magana sai na juya na sheƙa ruwan nan a kan benci. Ta bi shi da ido yana gangarowa daga siminti yana shiga ƙasa, har ya ƙare, sannan ta ce, "To." Ba zagi, ba Allah ya isa, to kawai.

Da ta juya na ga goyon. An lulluɓe kan, ƙafa ɗaya ce ke reto, 'yar siririya, da jan murjani da wuri guda a idon sawu. Sai na ce wa kaina irin wannan murjani cike yake a kasuwa. Na ɗauko tsintsiya na buɗe ƙofa don in gyara inda ta tsaya, sai na ga zanena yana nan layi-layi yadda na bar shi, babu sawu ko ɗaya, ba na zuwa ba na komawa. Na ɗaga kai, hanyar Goronyo ga ta nan a miƙe fetal, ana hango nesa, babu kowa a kanta. 

Baƙi suka zo, suka zauna a bencina masu tsabta, Mai Fure ya dafa kafaɗata gaban mutane, na manta da komai. Na koma gida kafin magariba ina tafe ina jin ƙafata ba ta taɓa ƙasa, ina shiga Hajo ta tare ni ta ce, "Malam, ɗiyag ga tun azahar ruwa taka sha, ta kusa ƙare tulu, kuma ba ta bar kuka ba." Na duba, Nana na zaune a tabarma da moɗarta, cikinta ya yi tam, ta miƙo mini ta ce, "Baba, ruwa." Na zuba mata ta shanye, ba ta kife moɗar ba, ba ta ce ya ƙare ba, ta sake miƙowa.

Haka muka shiga. Ta sha ta sha, ta fitsarar, ta sake nema, tuwo ba ya shiga, fura sai an tsinka ta ta zama ruwa. Yarinyar da ke da kumatu cikin 'yan kwanaki ta zama ido da haƙori, leɓunanta suka tsage irin tsagewar da na gani a bakin ƙofa. Na kai ta ɗakin shan magani na garinmu, na ɗora ta a jaki na kai ta wurin wani malamin asibiti a Rabah da ake yabo. Shi ya gaya mini akwai ciwo sananne mai sa mutum ya yi ta shan ruwa yana ramewa, maganinsa sai babban asibiti mai nisa, kuma in ya kama ƙaramin yaro da wuya ya tashi. Na faɗa muku wannan don kada wani ya ce na ɓoye bayanin masu ilimi, mai yiwuwa ne shi ke da gaskiya. An yi mata rubutu kuma, shi kam ba a sha wahalar ba ta ba, tunda ruwa ne. Duk wannan abu ban gaya wa Hajo komai game da matar nan ba, tsoro da kunya suka ɗaure mini baki.

Da na ga abin ya fi ƙarfina sai na kama hanyar Rimawa a ƙafa. Na tarar da Baba Jatau a zaure yana tufka igiya, ido ya kusa tafiya duka, amma ina yin sallama ya gane ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Ka bar cika ta?"

Na ce, "Baba, na hwasa ta."

Ya ajiye igiyar. Na kwashe komai na gaya masa, har da garwa, har da murjani. Da na gama sai ya ba ni tarihin filin nan wanda dattawa suka ƙi ba Bature. Ya ce yana saurayi aka yi wata babbar yunwa, mutane suka gangaro daga arewa da ƙafa, mata da yara sun fi yawa, suka yada zango a gindin itatuwan nan. Sai aka ga agana, ciwon ƙurajen nan mai yaɗuwa, a jikin wasunsu, gari ya tsorata, aka zaɓi samari aka ba su sanduna aka ce su tsare rijiyoyi da hanyar fadama kada baƙin su kusanto. Ya ce, "Ni ina cikin masu sanda. Wata tac ce mani ko tahin hannu guda, nic ce ta koma." Cikin 'yan kwanaki kukan da ake ji daga filin ya ɗauke, aka je aka rufe su nan inda suka faɗi, babu alama ko ɗaya. Uwarsa ce da ta ji abin da ɗanta ya yi ta ɗauki randar aurenta ta kai gindin kurna, ta riƙa cika ta har ta mutu, shi kuma ya karɓa, kuma don randar nan kaɗai ya nemi aikin lambu sa'ad da aka kewaye wurin.

Na ce, "Baba, mi za ni yi? Ɗiyata na mutuwa."

Ya ce, "Ni ban ce maka matattu na shan ruwa ba, wanda yam mutu ya tahi inda za shi. Abin da uwata tac ce in yi shi nika yi. Ka sawo sabuwa, ka ɗauko ta bisa kanka, ka cika da hannunka kahin azahar, ka ba ta baya. In ka ishe ruwa ya ragu, an yahe maka."

Na ce in bai ragu ba fa? Ya lalubi igiyarsa ya ci gaba da tufka.

Washegari na sayi randa wurin mata masu ginin tukwane, na ɗauko ta a ka da kakina da komai, na ratsa kasuwa mutane na tsokana, wai malamin lambu ya koma aikin amarya. Na kafa ta daidai gurbin tsohuwar, na ja ruwa na cika, na yi alama da gawayi a bakin ruwan, na ɗora faifai da moɗa, na tafi ƙarshen lambu na zauna ina kallon wayar shinge ina ta addu'a har aka kira la'asar. Na dawo na ɗaga faifai, ruwa na nan daidai kan gawayi. Kun san sabuwar randa kuwa, ko ba a taɓa ta ba jikinta ma shan ruwa yake, ga bazara, amma wannan ko kaurin zare ba ta ragu ba. Gobe haka, jibi haka. In zubar in sake jan sabo, in dawo in tarar da shi fal yana kallona. Ban taɓa sanin cikakkiyar randa za ta iya zama abin tsoro ba sai a kwanakin nan.

Na koma buɗe ƙofa tun hantsi, in tsaya a bakin hanya da garwa bayan na cika randa, duk wanda ya gifta in roƙe shi ya sha, Fulani da shanunsu, masu jakunan albasa, mata masu itace, har aka fara cewa na taɓu. Ina duban kowace mace mai goyo, ba ita ba ce. Aka kira ni aka yi mini faɗa kan karya dokar ƙofa, maganar lambuna uku aka ba wani, ko a jikina. A ƙarshe na kasa riƙewa na gaya wa Hajo, tana zaune da Nana a cinya tana ɗiga mata ruwa a baki. Ta saurara har na gama, ta ɗago ta ce, "Ruwa kah hana? Da garwa hannunka?" Na ce e. Ta ci gaba da ɗiga mata ruwa, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar ƙarshe Nana ta tashi shiru, ba ta nemi ruwa ba, ido kawai take juyawa. Da hantsi ya yi na miƙe, Hajo ta kama bakin rigata ta ce, "Yau dai ka zamna." Na ce ba ni iyawa, azahar na zuwa, in na bari yau wataƙila yau ce za a sha. Na ɓamɓare hannunta na fita. Na kulle ƙofa, na cika randa, na ba ta baya, na zauna can gindin dogon yaro, ban ji motsi ba, ban ji taku ba, sai kukan kurciya. Da aka kira la'asar na taso ba tare da wani sa rai ba, tun daga nesa sai na hango moɗa ba ta bisa faifai. Tana ƙasa, a kife. Na ɗaga faifai, ruwa ya sauka daga kan gawayi kamar yatsa biyu, daidai abin da ƙaramin yaro zai sha.

Ku ji wautar ɗan Adam, murna na yi. Ban tsaya tunanin moɗar ba, na bar ƙofa a buɗe na sheƙa a guje cikin gari ina cewa an sha, an yafe mini, ina shirya yadda zan gaya wa Hajo. Ina karyo kwanar gidanmu na ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofa, maza na zaune, liman ya miƙe ya nufo ni. An aika a kira ni tun ɗazu, ɗan aiken ya ce ya tsaya a ƙofar lambu ya yi ta kira, ga ni can zaune na ba shi baya, ban waiwayo ba. Ni kuwa ban ji kiran kowa ba.

Kafin magariba muka kai ta. Bayan kwana biyu Hajo ta gaya mini yadda aka yi, da murya kamar mai ba da labarin wasu. Ta ce ana kiran azahar Nana ta buɗe ido, ta motsa baki kamar mai haɗiya, ta buɗe 'yan hannuwanta ta ce, "Ya ƙare," shi ke nan. Ta ce tun safe ba ta ba ta ko ɗigo ba don ta ƙi karɓa, amma da ta shafa bakinta ta ji leɓunan a jiƙe, da sanyi irin na ruwan randa. Hajo ba ta ƙarya, ban taɓa kama ta da ita ba.

Zamanmu bai ɗore ba. Ba mu yi faɗa ba, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, amma duk sa'ad da na kai moɗa baki sai ta tashi ta fita daga ɗakin. Bayan arba'in ta roƙe ni in sauwaƙe mata, na sauwaƙe, ta koma Kwargaba. Ban sake aure ba, ba don ba a yi mini tayi ba. Baba Jatau bai kai damina ba shi ma. Mai Fure aka yi masa canji, wanda ya gaje shi bai damu da fure ba, daga baya Turawan ma duka suka tattara. Wayar shinge ta bi dare ta bi rana ta ƙare, maƙera suka sami ƙarfen lilo, rijiya ta rufta, bencina suka farfashe, lambunan Rabah da Goronyo da na sayar da raina a kansu ban ma san ko an yi su ba. Kurnar dai tana nan.

Ni ma ina nan, kuma tun daga ranar ban taɓa fashin cika randa ba sai in ciwo ya kwantar da ni, yanzu daga cikin gari nake ɗauko ruwan, ina tafe ina hutawa. Na tambayi malamai, sun ce mini sadakar ruwa ga masu wucewa abu ne mai lada, in yi da wannan niyya, in cire sauran daga zuciyata, yarinya ajalinta ne ya zo, kuma yaran da ba su balaga ba suna cikin rahama ba sa jin ƙishirwa. Na karɓa, ina roƙon Allah Ya sa haka ne, don in ba haka ba ne ban san inda zan sa kaina ba. Yanzu babu shinge, kowa na iya sha, ba ni da hujjar cewa ga mai rage ruwan. Abin da na sani kawai, ina ajiye moɗa bisa faifai bakinta sama, kuma sau da yawa in na dawo da la'asar a ƙasa nake tarar da ita, a kife.

Ban san ko wace ce matar nan ba, ban san abin da ta goyo ba, kuma na daina tambaya. Abin da zan roƙe ku, ku da kuke karanta wannan, in mutum ya tsaya a ƙofarku ya nemi ruwa, kada ku tambaye shi daga ina yake, kada ku duba tufafinsa, kada ku ce masa lokaci bai yi ba ko ba ku ne masu wurin ba. Ku ba shi tukuna, in akwai doka a yi maganarta daga baya. Ni na bi doka, an dafa mini kafaɗa.

Masu wucewa kan tambaye ni abin da ya sa na haƙa rami na nutsar da randar har wuya, alhali kowa bisa gammo ko dutse yake ɗora tasa. Nakan ce don ruwan ya fi sanyi. Gaskiyar ita ce Nana ba ta da tsawo, hannunta ba zai kai ba.